Kwalkwalin fim ɗin Mbormi: da me za a yi shi, kuma a kan wa za a ɗora?

Ɗan Herwagana: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. An ba ni aikin kayan yaƙi na wani fim da ake shirin ɗauka a kan yaƙin Mbormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a 1903. Takubba da masu da garkuwa ba su dame ni ba, na san inda zan dosa. Kwalkwali ne ya tsaya mini a rai. Darakta ya turo mini hotunan da ya ciro daga finafinan Turkiyya: hular ƙarfe mai tsini a sama, da sandar ƙarfe da ta sauko kan hanci, ga sulke yana reto a wuya. Ya ce irin wannan yake so a kan mahaya arba'in. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin haka kakanninmu suka sa? In ma haka ne, da me zan yi shi wanda ɗan wasa zai wuni da shi a ka a zafin ranar Gombe bai faɗi ba?

Malam na Bajoga: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka sayi ƙarfe. Hular ƙarfe ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Da Denham, Bature mai yawon bincike, ya isa Kukawa ta Borno a 1823 ya ga mahayan Shehu al-Kanemi sanye da sulke, wasunsu da 'yar hular ƙarfe da ta kama kai kam, da maɗauri a haɓa. To amma wannan kaya ne na manya da dakarun da ke kewaye da sarki, kuma da yawan sulken daga gabas yake zuwa ta hannun fatake, kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Kwalkwalin da aka fi sani a rundunonin daular Sakkwato shi ne na 'yan lifida. Gindinsa tufa ne da aka cusa wa tsumma ko auduga aka ɗinke shi da kauri, ya sauko ya rufe kunne da ƙeya, sannan a ɗora masa kwanon kuza ko tagulla a sama a soke gashin jimina. Clapperton, shi ma Bature mai yawon bincike, ya ga irinsu a rundunar Sarkin Musulmi Bello a ƙasar Gobir a 1826, ya kuma ce saboda nauyin kayan sai an kama wa mahayi kafin ya hau doki.

Yanzu mu zo Mbormi kanta, wadda nake zaune kusa da ita. Mutanen da suka taru a can ba runduna ce da ta fito daga fada da tambura ba. Masu hijira ne. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris 1903, Attahiru ya nufo gabas, jama'a suka yi ta bin sa gari gari: malamai, manoma, masu sana'a, mata da yara, da wasu manya irin su Magajin Keffi Ɗan Yamusa da Sarkin Misau Ahmadu. Wata da watanni suna tafe. A watan Mayu Turawa suka kai wa garin hari aka kore su, sai ran 27 ga Yuli suka dawo da igwa da bindiga mai ruwa. Yaƙin a bakin ganuwa da cikin lungunan gari aka yi shi, da kibiya da mashi da takobi da 'yan bindigogi. Abin da ke kan mafi yawansu rawani ne, ko hula, ko malafa, wani ma kai ba komai. In ka jera mini mahaya arba'in da hular ƙarfe iri ɗaya, ka ba da labarin wasu mutane, ba waɗanda ke kwance a nan ba.

Matashin Pantami: Allah ya gafarta Malam, na ji bayani kuma na ƙaru. Amma a yi mini afuwa, fim ba aji ba ne. Mu da muke kallo mun san abin da ke riƙe mu. Yaro zai kwana yana kallon finafinan Turkiyya a waya saboda in jarumi ya fito, tun daga hularsa za ka ji gabanka ya faɗi. Mu kuwa kullum a namu fim sai a ɗauko mutum a naɗa masa zanin gado a kai a ce sarkin yaƙi ne. In darakta yana son ya ɗaga darajar kakanninmu a idon duniya, mene ne laifi don ya ƙara musu kwarjini? Ai ba wanda zai tashi daga kallo ya je ya binciki littafi.

Malam na Bajoga: Abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne ainihin abin da nake tsoro, ɗana. Tunda ba wanda zai binciki littafi, abin da ya gani a fim shi zai zama tarihinsa. Ka tambayi kowa a duniya yadda mayaƙan Viking na arewacin Turai suke, zai ce maka hula mai ƙaho biyu. Ba a taɓa tono hular yaƙinsu mai ƙaho ba. Wadda aka samu a Gjermundbu ta ƙasar Nowe a 1943 kwano ce kawai da kariyar ido. Ƙahon nan mai tsara tufafin wasan Wagner, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, ne ya yaɗa shi a Jamus a 1876, don ya ƙara wa 'yan wasa kwarjini kamar yadda kake so. Yau kusan shekara 150 ke nan masana suna gyarawa, ya ƙi gyaruwa. Fim na farko da aka yi a kan Mbormi shi jikokinmu za su riƙe. Ba na so su taso suna zaton Attahiru sojan Istanbul ne.

Maman Hanifa: Wallahi Malam ya faɗi abin da ke raina. 'Yata ta zana Sarauniya Amina a makaranta, sai ga ta da hular sojan Rum har da tozon gashi a sama. Abin da take gani a waya ke nan.

Mai Kyamara: Bari in sa baki ta ɓangaren sana'ata, don ina ganin ƙanena na Pantami da Malam ba su yi nisa da juna ba kamar yadda suke zato. Kwarjini a kyamara daga siffar mutum yake zuwa in an hango shi daga nesa, kafin a ga fuskarsa. Ka je hawan Sallah ka tsaya ta inda rana ke bayan 'yan lifida. Doki ya kumbura da lifidi, mahayi ya kumbura, kwalkwali ya ƙara masa tsawo, gashin jimina yana kaɗawa a sama. Babu hular Turkiyya da za ta ba ni wannan. Tamu ta fi tsawo, ta fi launi, kuma tana motsi da kanta in iska ta taso.

Ƙarfe mai ƙyalli kuwa wahala ce gare mu. In rana ta doke shi sai wurin ya fashe fari fat a hoto. In ka matso kusa, sai ka ga kanka da mai riƙe da sandar sauti a jikin hular. Sandar hancin nan tana raba fuska biyu ta jefa inuwa a ido, alhali da ido ɗan wasa yake aiki. Ga ƙara: sulke yana gogar kwano, mai sauti ba zai samu magana mai tsabta ba.

Shawarata gare ka Ɗan Herwagana, kada ka yi su duka daraja ɗaya. Haka manyan kamfanoni suke yi, suna kasa kayan gida uku. Akwai na kusa, wanda kyamara za ta shiga har ta ga zaren ɗinki, wannan a kashe masa kuɗi da lokaci. Akwai na masu faɗuwa da bugun juna, mai taushi. Akwai na 'yan baya da ba za a gan su sosai ba, wannan siffa da launi kawai ake bukata. Kuma na jarumi a yi shi biyu ko uku masu kama ɗaya, ɗaya lafiyayye, ɗaya da sara a jiki, domin ba a jere ake ɗaukar fim ba. Sau da yawa ana ɗaukar ƙarshen yaƙi kafin farkonsa.

Ɗan Herwagana: Na gode Yaya. To in na bi maganar Malam, 'yan lifida kaɗan ne za su kewaye sarki, sauran rawani da malafa. Amma kwanon saman da 'yar hular ƙarfe ko biyu ta manya, wa zai ƙera? Bappa, kana kusa?

Bappa Maƙeri: Ina nan ɗana, yaro ne yake karanta mini yana rubuta abin da na ce. Aikin nan namu ne, ko da yake kwanon kwalkwali maƙeran fari suka fi yi, masu tagulla da azurfa. Hular ƙarfe iri biyu ake yi. Ko ka ɗauki falle ɗaya ka yi ta bugu har ya zurfafa, ko ka yanka ɓangare huɗu ka lanƙwasa kowanne ka haɗa su da ɗamara da ƙusa. Na farko ya fi kyau amma yana cin lokaci, kuma in hannu bai ƙware ba tsakiyar takan yi siriri ta huje. Ba a kan uwar maƙera ake farawa ba. Kututture ake samu a fafe masa rami, a ɗora fallen a kai, a riƙa bugu da guduma mai zagayayyen kai daga gefe ana zagayowa zuwa tsakiya. In ƙarfe ya fara taurin kai yana mayar maka da guduma, sai a mayar da shi wuta ya yi laushi, in ba haka ba ya tsage.

Tunda ba kibiyar gaske za ta same shi ba, kada ka sa baƙin ƙarfe mai kauri. Nemi fallen alminiyam, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Sai dai shi ba ya ja a wuta balle ka gane ya yi, yana iya narkewa kana kallo. Abin da muke yi, a goga masa sabulun wanki a jiki a kara a wuta. Da zarar sabulun ya yi baƙi a janye, ya yi laushi ke nan.

Roƙona ɗaya. In na gama kada a kai wa mai injin goge ya share sawun guduma. Wannan sawun shi ke nuna hannu ne ya yi. Kayan kakanninmu ba su san inji ba. Kuma bakin hular a naɗe shi ciki, kada a bar kaifi kusa da goshin ɗan mutane.

Adda Mai Ɗinki: Bappa Allah ya ƙara lafiya. Ni ɓangaren tufa zan yi magana, don a nan ne ake yawan ɓata aiki. Ƙanena, in ka je kallon 'yan lifida ka kwafi siffa da yadda aka ɗinka, amma ka yi hattara da yadin. Da yawan kayan hawan yanzu an sabunta su da yadin kasuwa mai sheƙi, wani har da soson katifa a ciki. A 1903 saƙi ne na hannu, da rinin baba, da jan mulufi ga mai hali. Ka nemi saƙi ko yadin auduga zalla mara ƙyalli, a wanke shi sosai ya saki kafin a yanka.

Na kusa da kyamara da hannu za a ɗinka. Ɗinkin keke yana tafiya daidai wa daida, ido yana ganewa ko mutum bai san dalili ba. A shimfiɗa yadi biyu, a yi layi layi da zare mai kauri, tazarar kamar yatsa biyu, sannan a riƙa cusa abin ciki da tsinke layi bayan layi har ya tashi. Da audugar rimi ake cusa lifidi a da, ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa da wuri. Amma wuta take kamawa nan take, shi ya sa ma abokan gaba suke harbin 'yan lifida da kibiya mai wuta. Ku da za ku yi wasa da albarushi da hayaƙi, ni ba zan cusa rimi a abin da za a ɗaura wa mutum a ka ba. Tsohon bargon ulu a yayyanka, ya fi aminci.

Sai awo. Kan babban mutum yakan kama santimita 56 zuwa 58, amma kada a yi ƙiyasi, a auna kowa, a ƙara kamar santimita biyu saboda shafin ciki. Kuma kowane ɗan wasa a ɗinka masa 'yar hular ciki tasa shi kaɗai wadda za a wanke kullum. Na taɓa aiki a wani wuri da aka riƙa karɓa-karɓa da huluna cikin zufa, kafin a tashi yara da dama sun kwashi makero.

Mai Faiba: Salamu alaikum. Ni gyaran bambar mota nake yi, amma na sha yi wa 'yan wasan kwaikwayo kaya. In ana son kwanon sama da yawa masu kama ɗaya, ba sai Bappa ya buga kowanne ba. Ya ƙera ɗaya mai kyau, ni in ɗauki zubinsa. Ana shafa masa bazalin, a kewaye shi da yumɓu a raba shi gida biyu, a zuba fi'ofi, farin garin nan da ake silin da shi, a gefe ɗaya, in ya kama a juya a zuba ɗayan. In an buɗe, ga mazubi ya fito har da sawun gudumar Bappa. Sai a shafa kaki a ciki, a fara da ruwan faiba mai kauri, a bi da gashin faiba falle biyu ana dannawa da burushi har iska ta fita. A zafin nan namu yana kamawa da sauri, don haka a rage maganin daskarewa kuma a dama kaɗan kaɗan. In ya yi yawa kwanon damun har zafi yake ɗauka yana hayaƙi. In ya fito a cike ramuka da bodifila a bi da samfefa.

Launin ƙarfe kuma kada a fesa fentin azurfa kai tsaye, kowa zai gane. A fesa baƙi mai sheƙi, in ya bushe a goga garin bakin fensir da auduga. Za ka rantse ƙarfe ne. Amma a yi aikin a fili, da takunkumi da safar hannu. Warin yana hawa kai, ƙurarsa kuma in ta shiga jiki ƙaiƙayi ne, in ta shiga huhu ta fi haka.

Mahayi daga Dukku: Malam Mai Faiba, aikinka yana da kyau ga wanda zai tsaya a ƙasa. Amma don Allah kada a ɗora wa wanda zai yi sukuwa ko zai faɗo daga doki. Faiba ba ta lanƙwasa, fashewa take yi, kuma bakin fashewar yanka yake. Na ga wanda ya faɗo da irin wannan a wani wasa, gefen hular ya tsaga masa gira, saura kaɗan ido. Ƙarfen Bappa ma haka, ba na mai faɗuwa ba ne.

Abu na biyu da masu fim ba sa tunawa shi ne dokin. Dokin fada ya saba da lifidi da gashin jimina da ƙarar bindiga. Dokin da za ku yi haya a ƙauye bai taɓa gani ba. Ya hango abu dogo yana kaɗawa a kan ɗan'uwansa, sai ya tsorata ya yi tutsu. A kawo kayan tun da wuri a rataye a bargar, ya shinshina, ya ga ana sawa ana cirewa, a yi kilisa da su kafin ranar ɗauka.

Sannan kwalkwali dogo ne, iska tana kama shi. In maɗaurin haɓa bai yi daidai ba, da an zabura zai zamo ya rufe wa mahayi ido, ko ya koma baya ya shaƙe shi. A ba dukawa su yi maɗaurin da fata mai laushi, ya rabu biyu ya kewaye kunne gaba da baya. Kuma a bar wuri ɗaya a ɗinkin da zai tsinke in reshe ya kama gashin.

Mai Faiba: Gaskiya ne Hamma, ban musa ba. Nawa na 'yan tsaye ne da dogaran bakin ƙofa. Na masu faɗuwa sai roba.

Ɗalibar Fim a Jos: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Robar da ake nufi tana nan a kasuwa wurin masu sayar da kayan takalma, irin fallen da ake yanka silifas da shi. Mai kaurin milimita 8 ko 10 na jikin hula, mai milimita 2 ko 3 na ado. Yadda muke yi a makaranta, a rufe kan gunkin tela da leda, a bi shi da salatif har ya rufu, a zana layukan ɓangarori a kai, a yanke a shimfiɗa. Ga fatun ya samu. A kwafa a kan roba a yanka da sabuwar reza, don in ta dakushe bakin yakan yi gatsa-gatsa. A ɗan gasa kowane ɓangare a danna shi a kan gwiwa ya lanƙwashe. Gam na masu takalma ake shafa wa baki biyun, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a hankali daga sama zuwa ƙasa, don in ya kama ba ya sakewa. Kafin fenti a shafe ta da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, in ba haka ba shanye fentin za ta yi.

Batun sulke kuma, kada ya tsorata kowa. Kamfanin Weta Workshop na ƙasar Niyu Zilan da bututun roba ya yi sulken manyan finafinan yaƙinsa, aka yayyanka shi zobe zobe har miliyoyi aka sarƙa da hannu aka yi masa launin ƙarfe. Siririn bututun da masu wayarin suke binnewa a bango zai yi mana wannan aikin. Ba nauyi, ba ƙara, kuma aiki ne da mata za su iya yi a gida a biya su.

Alhaji Furodusa: Jama'a na ji daɗin bayanan nan, amma ni ne mai biya, kuma duk wanda ya yi magana sai na ji kuɗi ya ƙaru. Maƙeri, mai ɗinki, baduku, mai faiba, mai roba. Tunda an ce kayan nan suna nan a fada, me zai hana mu je mu yi gaisuwa mu roƙi aro na 'yan kwanaki? Na gaske ne, ba wanda zai ce mun yi ƙarya, kuma mun huta.

Malam na Bajoga: Alhaji, ranka ya daɗe, a je fada lallai, amma ba don aro ba. Fim a kan Sarkin Musulmi da masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa bai kamata a fara shi ba tare da an sanar da masu ita ba. A nemi izini a ga kayan, a ɗauki hoto gaba da baya da ciki, a auna da tef, a zauna da dattawan da ke kula da su a ji sunan kowane yanki da yadda ake ɗaurawa. Gidan Makama a Kano ma akwai kayan yaƙi na da da za a iya gani. Amma tsohon kaya in ya shiga ruwa da turmutsutsun dawaki ya yage, ba kuɗin da zai dawo da shi. Kuma ka duba lissafin da kyau: darakta hular ƙarfe arba'in ya nema. Yanzu ana maganar kwalkwali kaɗan, hular ƙarfe ɗaya ko biyu, sauran rawani da malafa da ake samu a kowace kasuwar ƙauye. Kuɗinka raguwa ya yi.

Matashin Pantami: To ni dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Na yarda da lifidi, Yaya Mai Kyamara ya gamsar da ni. Amma a bar mana jarumi ɗaya da hular ƙarfe da sulke, wanda in ya fito yara za su san shi ne. Tunda Malam da kansa ya ce manya suna sawa.

Malam na Bajoga: Wannan ba laifi. A ba wani babban barde, ta zama irin mai kama kai ɗin nan, a naɗa rawani a kanta ƙarfen yana leƙowa ta sama. Amma shi Attahiru a bar shi da rawaninsa.

Mai Kyamara: Kada a manta da tsufar da kaya. Mutanen da suka yi wata huɗu a hanya, daga zafin bazara har cikin damina, ba za su fito da kaya kamar an ciro daga leda ba. Adda, in kin gama ɗinki a jiƙa shi a ruwan shayi mai kauri, a goga jar ƙasa a gindin, a shafa man kaɗe kaɗan inda goshi da wuya ke taɓawa don ya yi duhun zufa. Kwanon tagulla a cusa masa baƙin man takalmi a cikin zane a goge sama. Wuraren da hannu ke yawan kamawa su ne kawai za su yi haske. Kuma kowanne ya tsufa daban, wani gashinsa ya karye, wani an yi masa faci da wani yadi.

Ɗan Herwagana: Madalla. Saura ɗaya ɓangaren, na Turawa. Da takarda da kwali na yi niyyar yin hulunansu.

Ɗalibar Fim a Jos: Yaya, in a damina za a ɗauka kamar yadda yaƙin ya faru, takarda da koko ba za su kai ba, ruwa ɗaya ya isa, kuma ɓera yana bin su a ma'aji. Hular ranar Turawan nan dama ba ƙarfe ba ce, da toton wani tsiro na Indiya ko ɓawon itace mara nauyi ake yin ta a rufe da kaki. Robar takalma ta yi daidai, a lulluɓe ta da yadin kaki ɓangare ɓangare, a naɗa siririn ƙyalle a gindin.

Malam na Bajoga: Kuma ba su da yawa, hafsoshi ne kawai irin su Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya kuma mutu a wurin, kabarinsa yana nan. Sojojin da suka yi harbin baƙaƙen fata ne 'yan ƙasar nan, da yawansu Hausawa da Yarbawa, da kaki da jar dara. Wannan ma darakta ya nuna shi yadda yake, ko da ba daɗin gani.

Adda Mai Ɗinki: Ƙanena, ka turo mini awon kan waɗanda za su sa lifidi, kuma ka tambayi darakta ko da aski za su fito ko da suma, don yana canza awo. Zan fara da guda ɗaya a gani. Bappa, faɗin gindin kwanon nake bukata kafin in rufe saman, da yawan hudar da za ka yi masa ta ɗinki.

Bappa Maƙeri: Huda takwas, 'yata. Faɗin kuma sai yaron nan ya dawo daga fada da awo, ba zan yanka tagulla da ka ba.

Mahayi daga Dukku: In na farkon ya haɗu a kawo mini kafin a yi sauran. Zan hau da shi in yi sukuwa in juya, a nan za a san ko maɗaurin ya zauna.